Fayawol ɗinmu na ta sauya layi tsakanin fibir da 4G: wace iyaka ya kamata in sa wa Teams da manhajar lissafi?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka. Wata matsala ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani.

Biro ne na mutum 25 a nan Damagaram. Muna da layin intanet biyu a kan fayawol ɗin FortiGate, wato na'urar da ke tsaron ƙofar rezonmu. Na farko fibir ne, megabit 20 na saukewa da 5 na ɗorawa, kuɗinsa tsayayye kowane wata. Na biyu akwatin 4G ne na wani kamfanin dabam, forfe muke zuba masa. Duk abin da muke aiki da shi yana girgije: Teams, wasiƙun Microsoft 365, sai manhajar lissafin kuɗi wadda sabarta take Paris.

Na kunna SD-WAN, tsarin da ke zaɓar layin da za a bi, na sa ma'aunin lafiyar layi yana aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake jiran amsarsa, zuwa 8.8.8.8 kowane rabin sakan. Iyakokin da na sa su ne waɗanda na gani a shafin Microsoft: jinkiri kada ya wuce milisakan 100, rawar jinkiri, wato hawa da saukarsa, kada ta wuce 30, ɓatan fakitin bayanai kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Doka kuma ita ce a bi layi mafi arha muddin ya cika sharaɗi, wato fibir, in ya kasa a koma 4G.

To ga abin da ke faruwa. Rajistar fayawol na nuna yana tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan sau da yawa a yini, wani lokacin sau uku cikin minti biyar. Akanta yana tsakiyar shigar da faktir sai manhajar ta fitar da shi, ta ce ya sake shiga. Murya a Teams tana yankewa duk da haka. Forfen da ke kai mu wata kuma yanzu ko kwana goma ba ya yi. Lambobin ne ba daidai ba, ko kuwa dokar ce? Wace iyaka ta dace da rezo irin namu? Allah ya saka da alheri.

Injiniya na Birni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lambobin da ka kwafo ba ƙarya ba ne, amma ba don layinka aka rubuta su ba. Milisakan 100 ɗin nan zuwa da dawowa ne tsakanin kwamfutar mutum da bakin rezon Microsoft, kuma buri ne na samun murya garau. Kai kuwa ka ɗauke shi ka mai da shi wuƙar yanke hukunci tsakanin layi biyu, sannan ka auna shi da wani wurin da ba Microsoft ba.

Mu fara da abin da ba a iya gyarawa. Haske a cikin fibir yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. In layinka ta Yamai yake bi, kusan kilomita 900 ke nan, ka riga ka biya milisakan 9 tun ba ka bar ƙasa ba. Nijar ba ta da teku, dole fakiti ya ratsa ƙasar maƙwabta ya kai gaɓa, ya shiga kebul na ƙarƙashin ruwa, ya yi dubban kilomita kafin ya taka Turai. Haɗa wannan da tsayuwa a kowace na'ura ta kan hanya, za ka ga layi mai ƙoshin lafiya daga Damagaram zuwa Paris yana iya zama sama da 100 ba tare da komai ya lalace ba. In ka kafa iyaka daidai inda layi yake zaune kullum, duk ɗan motsi sai ya ƙetare ta ya dawo. Abin da kake gani a rajista ke nan.

Wannan ya shafi lambobin da FortiGate ke zuwa da su in ka buɗe sabon ma'auni: jinkiri 5, rawa 5, ɓata 0. Na rassa biyu ne da ke gari ɗaya. Wanda ya bar su haka a nan, layukansa duka biyu za su faɗi sharaɗi har abada, fayawol ya zauna kan na farko a jeri, ko da ya taɓarɓare, don babu wanda ya fi wani a idonsa. Ka duba ma'aunin Default_Office_365 da yake zuwa a shirye, za ka ga su kansu sun sa 250 da 50 da kashi 5. Wanda ke da fayawol ɗin pfSense ma haka ne: gargaɗi yana farawa daga milisakan 200 da ɓatan kashi 10, ba ya ɗaukar layi a matsayin matacce sai 500 ko kashi 20.

Na biyu, inda kake aika ɗan aikenka, wato ping ɗin gwaji. Adireshin 8.8.8.8 ba saba ɗaya ba ce, sabobi ne da yawa a duniya masu amsa suna ɗaya, kuma wadda rezon kamfaninka ya ga ta fi kusa ita ke amsawa. Tana yiwuwa 4G yana samun amsa daga wani gari, fibir daga wani garin, alhali babu ɗayansu da yake kan hanyar manhajar lissafinka. Kamar ka aiki yaro ya dubo hanyar Mirriya ne, kai kuma Tanut za ka. Kowace manhaja mai muhimmanci a yi mata nata ma'aunin, a auna wurin da take. Ga manhajar lissafi, kada ka dogara da ping, don sabobin girgije da yawa, irin na Amazon (AWS), ba sa amsa shi sai in mai su ya buɗe da gangan. Yi amfani da tcp-connect, gwajin buɗe haɗi, zuwa ƙofa 443 na sunan sabar, ko gwajin HTTP. Ka lura dai, lambar da gwajin HTTP ke bayarwa takan ɗara ta ping, saboda akwai gaisuwar buɗe haɗi da lokacin da saba ke ɗauka kafin ta amsa. Iyakar da ka fitar da irin gwaji ɗaya ba ta aiki ga wani irin. Kuma ka sa saba biyu a kowane ma'auni, don in ta farko ta daina amsawa saboda matsalarta, kada a ɗora wa layinka laifi.

Na uku, kuma shi ne aikin gaske: kafin ka taɓa wata lamba, ka auna mako guda cur. Mai da dokar ta zama ta hannu, kowa ya bi fibir, ka bar ma'aunan suna gudana a kan layukan biyu. Kunna sla-pass-log-period da sla-fail-log-period, ka sa 60 a kowanne, domin a rubuta sakamako kowane minti. In kana da wata tsohuwar kwamfuta, Smokeping ko Zabbix za su zana maka shi a hoto. Makon ya haɗa da safiyar Litinin, da ranar Alhamis da kasuwa ke ci, da bayan magariba lokacin da kowa ke kan wayarsa, don 4G na ƙarfe 7 na safe da na ƙarfe 8 na dare kamar ba abu ɗaya ba ne. Kada ka ɗauki matsakaici, yana ɓoye muni. Jera lambobin lokutan aiki daga ƙarami zuwa babba, ka zubar da kashi 5 na can sama, ka ɗauki mafi girman abin da ya rage. A kan wannan za a ƙara kashi 25 zuwa 30 a sami iyaka. Ka kawo mana lambobin mu duba tare.

Ƴar Garin Malam

Injiniya ya gama magana kan lambobi. Ni bari in taɓa batun akantan da ake fitarwa, don ko ka gyara iyaka, in ba ka fahimci wannan ba zai dawo.

Layukanka biyu adireshin IP biyu ne dabam a idon duniya. Na 4G ma galibi ba naka ba ne kai kaɗai, kana bayan NAT ɗin kamfani, wato kana raba adireshi ɗaya da ɗimbin mutane. In ka ga akwatin ya karɓi adireshi tsakanin 100.64 da 100.127 to haka ne. Manhajojin kuɗi da na banki da yawa suna ɗaure shigar mutum da adireshin da ya shigo da shi. A FortiGate, in doka ta sauya layi, haɗin da ke buɗe yakan ci gaba a tsohon layi muddin yana raye, saboda snat-route-change, saitin da ke tilasta wa haɗi bin sabuwar hanya, a kashe yake zuwa. Amma burauza ba haɗi ɗaya take buɗewa ba. Akanta ya danna ajiye, burauza ta buɗe sabon haɗi, sabon ya fita ta 4G da wani adireshi, saba ta ga baƙon adireshi riƙe da makullin wani, ta rufe ƙofa. Ba lalacewa ba ce, tsaro ne yake aikinsa. Kada kuma wani ya ba ka shawarar kunna snat-route-change a matsayin magani; shi zai sa har kiran da ake ciki ya tsinke a duk sauyi.

Don haka manhajar lissafi ba ta son a yi ta yawo da ita. Jinkirin 250 ko 300 ba ya hana shigar da faktir, shafi ne kawai zai ɗan yi nauyi. Sauya adireshi shi ke hanawa. Ka ba ta dokarta ita kaɗai, a saman sauran dokoki tunda daga sama ake karantawa, da iyaka mai faɗi, kuma ka cire rawar jinkiri daga sharaɗinta baki ɗaya. Rawa damuwar murya da bidiyo ce, TCP, irin haɗin da manhajar ke amfani da shi, yana jera fakitinsa da kansa.

Sai bambancin da mutane ke yawan ruɗewa a kai, tsakanin layin da ya mutu da layin da ya faɗi sharaɗi. Mutuwa ita ce ɗan aike ya tafi bai dawo ba sau failtime a jere, wanda yake zuwa a 5. Da tazarar rabin sakan, sakan biyu da rabi ke nan a cire hanyar. Dawowa kuma recoverytime ne, shi ma 5, wato sakan biyu da rabi na amsa sun isa a ce ya warke. Wannan gaggawar ta yi yawa. Fibir da aka ɗauke wa kuran a wata tasha ta kan hanya, gurup ya tashi, yakan dawo ya sake faɗuwa kafin ya daidaita. Fita daga layi mara lafiya a yi ta da sauri, komawa kuwa a yi ta da nawa. Ka ɗaga recoverytime, sannan a cikin dokar kanta ka sa hold-down-time, wanda yake zuwa a 0. Shi ne sakan nawa za a jira bayan layin farko ya sake cika sharaɗi kafin a koma masa.

Kashi 1 na ɓata ma ka sake dubansa. Fayawol yana lissafa jinkiri da rawa daga gwaji 30 na ƙarshe, ɓata kuma daga 100 na ƙarshe. Ma'ana ping ɗaya da ya ɓace kashi 1 ne cif, na biyu ya ƙetare iyakarka, kuma zai zauna cikin lissafi har sakan 50 kafin ya fice. Ping biyu cikin ɗari kuwa suna iya ɓacewa don kawai sabar da ake tambaya ta shagala, tunda na'urori da yawa suna ajiye amsa ping a ƙarshen ayyukansu.

Ga masu VSAT, wato intanet ta tauraron ɗan adam, a rassan daji, wajen Gure ko Tasker, a kula da probe-timeout, lokacin da ake jiran amsar gwaji. Yana zuwa a milisakan 500, tauraron kuma yana nisan kilomita 35,786 sama, zuwa da dawowa yakan kai 600. In ba a ɗaga shi zuwa 1,500 ko 2,000 ba, kowane gwaji za a ƙirga shi ɓatacce, fayawol ya ce layi ya mutu alhali yana aiki.

Ɗan Zango

Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na yi yadda kuka ce, yau kwana takwas. Tun da na tsayar da kowa a fibir ba a sake fitar da akanta ba ko sau ɗaya.

Ga abin da na samu zuwa sabar Paris da tcp-connect. Fibir da sassafe yana zaune wajen 118, in na zubar da kashi 5 na sama a yawancin yini 160 ne, rawa ƙasa da 20, ɓata bai cika kai kashi 1 ba. 4G da safe 140, bayan la'asar yana kai 260, rawarsa tana wuce 60. Zuwa www.office.com lambobin ba su yi nisa da waɗannan ba. Ping na 8.8.8.8 kuwa a fibir tsakanin 90 da 105 yake yawo, kun ga dalilin tsalle-tsallen.

Amma akwai abin da ban gane ba. Kusan kullum tsakanin ƙarfe 10 da 12, da kuma wajen ƙarfe 4, jinkirin fibir yana tashi ya kai 550 ko 600, ya yi minti uku ko goma, ya sauka. A lokacin ne murya ke yankewa. Na kira masu layin sun ce a wajensu komai lafiya. In sa iyakar ta rufe wannan ma, ko in bari ya koma 4G a lokacin?

Malam Karkada

Ƙanena, kada ka yi ko ɗaya cikin biyun tukuna. Masu layin na iya zama da gaskiya. Jinkirin da ke tashi a lokutan aiki kaɗai, ya tsaya a kusan lamba ɗaya, ya sauka kamar an kashe famfo, alamar cikar bututun ɗorawa ce daga cikin gidanka.

Ga yadda abin yake. Na'urar kamfani da ke bangonka tana da rumbun ajiye fakiti. In abin da ake turawa ya fi megabit 5, ba ta zubar da rarar nan take, tana jera ta. A ce rumbun kilobayit 256 ne: bit miliyan 2 da ɗoriya ke nan, a raba da miliyan 5 a sakan, ya ba ka kimanin milisakan 420. Ɗora shi kan 118 ɗinka, ka isa 540. Ka ga ya yi kusa da abin da ka auna. Duk fakitin murya da ya zo a lokacin sai ya bi bayan wannan jerin gwanon, tamkar mai babur da ya maƙale a bayan manyan motoci a ƙofar tasha. Kwamfuta ɗaya da ke tura manyan fayiloli zuwa OneDrive ta isa ta jawo haka, ko wayoyi biyu da ke ɗora bidiyo ta wifi ɗin biro. Taron bidiyo na Teams ma, abin da Microsoft ke ba da shawara shi ne kilobit 2,500 na ɗorawa ga mutum ɗaya. Mutum biyu a taro daban-daban sun cinye megabit 5 ɗinka.

Gwada shi da kanka da yamma bayan an tashi. Bar ping yana gudana, ka ɗora babban fayil daga kwamfuta ɗaya, ka kalli lambar. In ta yi tsalle daga ɗari da ƴan kai zuwa ɗari biyar, an gama bincike. Gobe kuma da ƙarfe 10 buɗe FortiView, shafin fayawol mai nuna zirga-zirga, ka jera na'urori bisa yawan abin da suke turawa, mai laifin zai fito a sama.

Abin da ya sa na ce kada ka bari ya koma 4G: da zarar ya kwashe mutane ya kai can, fibir ya sami sarari, jinkirinsa ya sauka, ya cika sharaɗi, a dawo da su, ya sake cika. Fayawol ɗin da kansa ke haddasa ciwon da yake gudu. Kuma manyan fayilolin nan su ne suka cinye maka forfe.

Maganin shi ne jerin gwanon ya dawo hannunka. A kan ƙofar fibir ta fayawol sa outbandwidth, iyakar ɗorawa, ya zama kilobit 4,500, inbandwidth na saukewa kuma 18,000, wato kashi 90 na abin da layin ke bayarwa da gaske, ba abin da ke rubuce a kwantiragi ba. Auna shi da waya a jone, ba ta wifi ba. Ka yi asarar kashi 10, amma rumbun kamfani ba zai ƙara cika ba. Sannan ka kasa zirga-zirga aji uku. Muryar Teams da bidiyonsa suna bin UDP, wani irin haɗi dabam da TCP, ƙofa 3478 zuwa 3481: ba su fifiko na sama da tabbacin kashi 40 na ɗorawa, kilobit 1,800 ke nan. Murya kaɗai kilobit 58 take nema, ko duk mutum 25 suna waya lokaci guda 1,450 ne, ya shiga. Manhajar lissafi da wasiƙu aji na tsakiya. OneDrive, sabunta Windows da wifi na baƙi aji na ƙasa, su ci abin da ya rage. A cikin OneDrive na kowace kwamfuta ma akwai wurin taƙaita ɗorawa, amma da kilobayit yake ƙirga, ba kilobit ba: 125 a can megabit ɗaya ne.

Ka tabbata ƙofofin UDP ɗin nan a buɗe suke zuwa waje. In an toshe su Teams ba ya ƙorafi, sai ya lallaɓa ya bi TCP 443, murya ta riƙa jan ƙafa, kai kuma kana neman laifi a layi. Ka cire zirga-zirgar Teams daga binciken da ke buɗe ɓoyayyen haɗi, Microsoft da kansu sun ce a yi haka. Ƙaramin FortiGate da aka ɗora wa bincike mai nauyi, in cikar ƙwaƙwalwarsa ta kai kashi 88 yana shiga yanayin tsimi, kuma ma'aunin layi ba zai gaya maka wannan ba.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne batun ɓatan fakiti ga manhajar lissafi. Gaskiya ne kada a yi ta yawo da ita, amma kada a buɗe iyakar ɓata da yawa. A layi mai nisa ɓata ya fi jinkiri illa ga TCP. Akwai sanannen lissafi na kimanta gudun haɗi ɗaya: girman fakiti a raba da jinkiri, a sake rabawa da tushen murabba'in ɓata, a ninka da 1.22. Da fakitin bayit 1,460, jinkirin 150 da ɓatan kashi 1, abin da haɗi ɗaya zai samu bai kai megabit 1 ba, ko da layinka na 20 ne. In ɓatan ya sauka zuwa ɗaya cikin dubu, ya haura wajen megabit 3. Sabbin hanyoyin TCP sun ɗan fi haka juriya, amma yanayin bai canza ba. Kashi 5 na ɓata mai ɗorewa a kan hanyar Paris, manhajar ta zama ba ta aikatuwa.

Ƴar Garin Malam

Na yarda Malam, kashi 3 ya fi dacewa da ita, ba 5 ba. Ƙari ɗaya kan forfe: su kansu ƴan aiken suna ci. Ping na yau da kullum bayit 84 ne, amsarsa ma haka. Sau biyu a sakan ya zama 172,800 a yini, kimanin megabayit 29, wajen 870 a wata, daga ma'auni ɗaya tak a kan 4G da ba wanda yake amfani da shi. Ma'auni uku sun haura gigabayit biyu da rabi, gwajin HTTP kuma ya fi haka nauyi. Mai da tazarar sakan ɗaya ya rage rabi. Kada ka wuce sakan biyu dai, don gwaji 100 za su ɗauki fiye da minti uku kafin lissafin ɓata ya nuna gaskiya.

Injiniya na Birni

Malam Karkada ya gano bakin zaren. A fara da taƙaita gudu, a sake aunawa kwana uku, a tabbatar tsaunukan 600 sun ɓace, sannan a kafa iyakoki. In 160 ɗin ya tsaya yadda yake, ga abin da zan sa a wurinka.

Ma'aunin Teams: jinkiri 200, wato 160 da ƙarin kashi 25, rawa 40, ɓata kashi 2. Ba lambar Microsoft ba ce, amma ana magana da ita lafiya. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ta ce in jinkirin tafiya ɗaya daga baki zuwa kunne bai wuce 150 ba yawancin mutane ba sa jin komai, sai ya doshi 400 hira ke lalacewa. 200 zuwa da dawowa 100 ne a tafiya ɗaya, da sauran wuri ga abin da manhaja ke ƙarawa. Zoom ma rawar 40 da ɓatan kashi 2 suke ba da shawara. Wajen zaɓen inda dokar za ta shafa, ɗauki Teams daga jerin hidimomin intanet da fayawol ke sabuntawa da kansa, kada ka rubuta adireshi da hannu, suna canzawa. Kada kuma ka dogara da gane manhaja daga cikin fakiti kaɗai, don sai haɗin farko ya riga ya fita kafin a gane shi.

Ma'aunin manhajar lissafi: jinkiri 300, ɓata kashi 3, babu rawa. Duk sauran abubuwa, sabuntawa, YouTube, wifi na baƙi, doka ta hannu a kan fibir kaɗai. In fibir ya mutu su jira, ko ka ba wasiƙu kaɗai izinin bin 4G.

A ma'aunan biyu: interval 1000, probe-timeout 1000, failtime 5, recoverytime 30. Layi zai fita cikin sakan biyar in ya mutu, ba zai dawo ba sai ya amsa sau talatin a jere. A dokar Teams hold-down-time 120, a ta lissafi 300.

Za ka lura bayan la'asar 4G ɗinka, da 260 da rawar 60, ba zai cika sharaɗin Teams ba. Daidai ne. In fibir ya ɗan taɓu a lokacin, duka biyun sun faɗi, fayawol zai zauna kan fibir tunda shi ne na farko a jeri kuma mafi arha, ba zai kai mutane inda ya fi muni ba. In fibir ya mutu ɗungurungum kuwa zai koma 4G ko ya cika sharaɗi ko bai cika ba. In kana son 4G ya zama madogara ta ƙwarai, fitar da eriya waje ka ɗaga ta sama ta fuskanci turken kamfani, kuma akwatin ya kasance a kan ondilar ɗaya da fayawol, a ɗakin da ba ya gasuwa a watan Afrilu da Mayu.

Kada ka ɗauka ya yi sai ka gwada. Ranar Asabar ka buɗe kira tsakanin kwamfuta biyu, ka zare wayar fibir daga bayan na'urar kamfani, ba daga jikin fayawol ba, domin ƙofar ta zauna a kunne ma'aunin ne zai gano mutuwar. Ƙirga sakan nawa kafin murya ta dawo. Mai da wayar, ka duba da diagnose sys sdwan health-check ka ga yaushe aka ce ya warke, da diagnose sys sdwan service ka ga yaushe dokar ta koma. A sabbin sigogi service4 ake rubutawa. In ka ga jinkiri ya tashi wata rana ba tare da bututunka ya cika ba, gudanar da mtr -T -P 443, umarnin da ke bin hanyar fakiti tasha-tasha, zuwa sabar, zagaye 300, ka aika wa masu layin sakamakon. Ɓatan da ya bayyana a tasha ɗaya ta tsakiya bai ci gaba zuwa ta ƙarshe ba, ka ƙyale shi, na'urar ce kawai ba ta son amsawa. Wanda ya fara a wata tasha ya bi duk na bayanta har ƙarshe, shi za ka nuna musu.

Ɗan Zango

Na gwada da yamma kamar yadda Malam ya ce: ping ya tashi daga 96 zuwa 510 da fayil ɗaya. Na sa 4,500 da 18,000, na sake ɗora fayil ɗin, bai wuce 125 ba. Ranar Laraba in sha Allahu zan kawo lambobin kwana ukun kafin in kunna dokokin. Tambaya ɗaya ta rage, Injiniya: muna shirin haɗa reshenmu na Magarya da ramin IPsec, ɓoyayyen haɗi tsakanin fayawol biyu, a kan layukan nan biyu, ramin zai buƙaci nasa ma'aunin dabam, ko na Paris ɗin ya wadatar?

Injiniya na Birni

Nasa dabam, kuma ɗan aiken ya bi ta cikin ramin zuwa adireshin cikin gida na fayawol ɗin Magarya, ba adireshinsa na waje ba. A dokar da ke ratsa ramin ka rage MSS, iyakar girman bayanan da fakitin TCP ke ɗauka, zuwa bayit 1,360 ta ɓangarorin biyu, in ba haka ba ping zai riƙa wucewa lafiya, ma'auni ya nuna kore, manyan shafuka kuma su tsaya a rabi.